Tarihi ko Kirari? Nazari Kan Ɓangaranci a Littattafan Rayuwar Sardauna da Malam Aminu Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu rubuta tarihin rayuwar 'yan siyasa da masu tace musu rubutu, wato gardamar me za a saka, me za a cire, kuma da wace kalma za a faɗi abin da aka saka. Zan gina bayanina a kan littattafai biyu da kusan kowane malamin tarihi a Arewa ya san da su, ko da bai karanta su daga bango zuwa bango ba, wato littafin Farfesa John Paden a kan Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da na Alan Feinstein a kan Malam Aminu Kano. Amma kafin nan ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa na koma kansu bayan sun daɗe a kanta suna shan ƙura.

Ana saura 'yan shekaru in ajiye aiki, aka sa ni cikin wani ƙaramin kwamiti da aka ɗora wa duba daftarin tarihin wani dattijo na ƙasarmu, wanda ya yi wakilci a majalisar Kaduna a Jamhuriya ta Farko a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, kuma ya riƙe kansila a En'e. 'Ya'yansa ne suka ɗauki nauyin bugawa, wani matashin malamin makaranta kuma ya yi rubutun. Babi huɗu muka wuce lami lafiya, daga haihuwa da makarantar allo zuwa elemantare da midil da fara aiki. Da muka iso babi na biyar, wanda ya shafi zaɓen 1959, sai zama ya gagara. Marubucin ya kawo labarin wasu 'yan NEPU da aka kama a wata kasuwar ƙauye saboda sun yi lacca ba da izini ba, alƙali ya yanke musu ɗauri da bulala, kuma ya rubuta ƙarara cewa dattijon ne ya tura 'yan doka. Wakilin iyali ya ce atafau sai an cire, domin a cewarsa mamaci da alheri ake ambatonsa, kuma ba su fitar da kuɗinsu don a zagi mahaifinsu ba. Wani abokin aikinmu, wanda mahaifinsa ya sha ɗauri a zamanin Sawaba, ya ce ba ma za a cire ba, sai an ƙara kalmar "azzalumi". Shugaban kwamitin, mutum mai son a rabu lafiya, ya kawo shawarar a raba daidai, shafi ɗaya na yabo, shafi ɗaya na suka, kowa ya samu nasa.

Ni dai a ranar ban ce uffan ba. Mahaifina tela ne ɗan NEPU, ƙanensa kuma malamin haraji ne a En'e, a gida ɗaya na tashi ina jin labarin zamanin nan ta baki biyu, kuma ban taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Da na koma gida sai na sauko da littattafan nan biyu don in ga yadda waɗanda suka fi mu ilimi suka yi da irin wannan ƙulli.

Littafin Paden: Daga Wace Taga Aka Leƙa?

An buga littafin Paden a shekarar 1986, shekara 20 cif bayan kisan Sardauna, kamfanin Hudahuda na Zariya ne ya fitar da shi, kuma shafukansa sun kusa 800. Paden Ba'amurke ne, amma ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya yi bincike a Kano tun cikin shekarun 1960, ya fitar da littafi kan addini da siyasar Kano a 1973, ya kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. Duk wanda zai soki aikinsa, ya kamata ya fara da amsa cewa kafin fitowarsa babban abin da muke da shi a kan Firimiya shi ne littafin da ya fito da sunansa a 1962, wato My Life, wanda wani tsohon Razdan, Rex Niven, ya taimaka wajen tsarawa. Shi kuwa wannan littafi ya tsaya ne kafin manyan al'amura su auku: saukar Sarkin Kano Sanusi a 1963, rikicin ƙasar Tibi na 1964, rangadin musuluntarwa, da daren 15 ga Janairun 1966. Paden ya cike wannan giɓi, ya zauna da mutane da dama waɗanda suka yi aiki da Sardauna ya ɗauki bayaninsu, kuma galibinsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ba don shi ba da abin da suka sani ya bi su kabari. Haka kuma wanda yake son ya fahimci yadda aka tsara manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, da yadda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, zai sami abin da yake nema a tattare wuri ɗaya.

Bugu da ƙari, ba za a ce Paden ya tsallake wuraren da ke da ƙaya ba. Ya taɓo shari'ar jangali, ya taɓo batun Kano, ya taɓo 'yan adawa. Saboda haka masu cewa littafin kirari ne tsagwaronsa, ina zaton ba su karanta shi ba. Matsalar da na gani ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta fi wuyar kamawa, domin ba a cikin jumla ɗaya take ba. Tana cikin tagar da aka leƙa ta ciki.

Da farko a dubi sunan littafin, wanda ya nuna cewa abin da za a bincika shi ne ɗabi'u da shugabanci. Tambayar da mutum ya yi ita ke yanke masa irin amsar da zai samu. In ka tambayi ministan Sardauna ko babban sakatarensa waɗanne ɗabi'u ne suka ja ragamar maigidansa, zai ce maka aiki da ibada, da kyauta, da riƙon amana, da son haɗin kan Arewa ba tare da duban ƙabila ba, kuma bai yi ƙarya ba. Amma da tambayar ita ce yaya talakan da ya riƙe katin NEPU a Kano ko manomin da ya bi Joseph Tarka a Gboko ya ji a jikinsa a ƙarƙashin wannan gwamnati, da wani littafi daban aka samu, shi ma kuma ba ƙarya ba. Abin da ke faruwa ga mai karanta Paden shi ne, a hankali sai ya tsinci kansa zaune a ofishin Firimiya, yana kallon 'yan adawa a matsayin matsalar da shugaba ke neman hanyar warwarewa, ba mutanen da ke da tasu hujja ba.

Na biyu, majiya. Mafi yawan muryoyin da ake ji a littafin na waɗanda suka yi aiki da Sardauna ne ko suka tashi a hannunsa, kuma a lokacin da aka yi hira da su, su ne manyan Arewa masu faɗa a ji. Jaridun da aka fi dogara da su, Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen, daga Kamfanin Gaskiya na Zariya suke fitowa, wanda ke ƙarƙashin inuwar gwamnatin Jihar Arewa. Sai kuma takardun gwamnati. A nan bari in ɗan yi magana a matsayina na wanda ya shekara 35 yana rubutu a fayil. Fayil ba ya ƙarya kai tsaye, amma mai riƙe da alƙalami ne ke rubuta shi, kuma yana rubutawa ne da sanin cewa na gaba da shi zai karanta. Di'o zai rubuta cewa an sami 'yar hatsaniya a kasuwa kaza an kuma shawo kanta. Wanda aka kwantar aka yi wa bulala a wannan kasuwa ba shi da fayil. Jaridar Comet ta Kano, wadda ta ba 'yan NEPU fili, ba ta sami irin adanar da jaridun gwamnati suka samu ba, takardun rassan jam'iyyar kuwa da yawa gara ta cinye, wasu masu su suka ƙone da hannunsu don tsoron samame. Ke nan tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami, ma'ajiyar takardu ta riga ta karkata. Wannan ba laifin Paden ba ne, amma nauyi ne a kan duk mai irin wannan aiki ya gaya wa mai karatu cewa sikelinsa a karkace ya same shi, ya kuma yi tattaki ya nemo abin da zai ɗora a ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma tambayar da a ganina ita ce zuciyar al'amarin, wadda duk mai rubuta tarihin Sardauna ba shi da mafita sai ya fuskance ta: wane kaso na zaluncin En'e za a ɗora a kansa? Masu kare shi suna da hujja. Ba shi ya ƙirƙiro En'e da kotunanta da 'yan dokanta da gidajen yarinta ba, a hannun Turawa ya gaje su. Gwamnatinsa ce ta kawo sabon kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960, ita ce kuma ta rage wa sarakuna ƙarfi. Masu sukarsa su ma suna da tasu. Jam'iyyarsa a kan En'e ta tsaya da ƙafafunta, galibin wakilanta a majalisa ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta, kuma izinin yin lacca a hannun waɗannan mutane yake. Tun a zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa hawa, wanda ya ba En'e damar cusa nata mutane kashi 10 cikin 100 a matakin ƙarshe, ya sa ta tashi ba ko kujera ɗaya. Ba a kuma karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna ba sai bayan juyin mulki. Waɗannan abubuwa Richard Sklar a 1963 da Billy Dudley a 1968 da C. S. Whitaker a 1970 sun bayyana su filla filla, kuma malamin da zai koyar da wannan zamani da littafin Paden kaɗai, ba tare da ya leƙa ɗaya daga cikinsu ba, zai ba ɗalibansa rabin labari.

Inda Kalma Ke Zaɓar Ɓangare

Abin da na koya daga zaman kwamitinmu shi ne, ba a kan aukuwar abu aka fi yin faɗa ba. Kowa ya yarda an yi bulalar. A kan kalma ake faɗa. Ɗauki batun Sarkin Kano Sir Muhammadu Sanusi. A 1962 gwamnatin Kaduna ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, wadda baitulmalinta ya shiga mawuyacin hali, a 1963 kuma Sarki ya bar gadon sarauta aka kai shi Azare. Marubucin da ya ce "ya yi murabus" ya bi abin da ke takarda. Wanda ya ce "an tuɓe shi" ya bi abin da mutanen Kano suka sani, har wasunsu suka kafa jam'iyya sukutum don nuna fushinsu. Kowace kalma a cikin biyun nan ta riga ta yanke hukunci kafin a kawo shaida. Haka dalilin abin: wani zai ce ɓarnar kuɗi ce kawai, wani zai ce zakaru biyu ne ba sa cara a akurki ɗaya, wani kuma zai kawo batun ɗarika, tunda Sarki Sanusi jigo ne a Tijjaniyya. Marubuci mai adalci ba zai zaɓi ɗaya ya binne sauran ba, amma kuma ba zai jera su kawai ya wanke hannunsa ba. Zai faɗi wa ya ce me, me ya sa zai faɗi haka, sannan ya nuna wadda shaida ta fi ƙarfafawa a ganinsa, da sunansa, don a san inda za a kama shi.

Shari'ar jangali ta 1943 ta fi sauƙi, amma ita ma ana wasa da ita. An tuhumi Sardauna da cin kuɗin jangali lokacin yana Gusau, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Na ji masu adawa da shi suna ba da rabin farko su yi shiru a kan na biyu, na kuma ga ƙananan littattafan makaranta da suka share labarin gaba ɗaya, kamar bai faru ba. Duka biyun ha'inci ne. Kuma masu sharewar sun fi cutar da shi, domin ba za a fahimci tsamin da ke tsakaninsa da fadar Sakkwato ba, tun daga neman sarautar da ya yi a 1938 bai samu ba, sai da wannan labari. Haka abin da ya faru a ƙasar Tibi a 1960 da 1964: mai kiransa "tarzoma" ya tsaya a bayan gwamnati, mai kiransa "bore" ya tsaya a bayan mutanen Tarka.

Sai dai babbar maɓoyar marubucin Hausa ita ce 'yar ƙaramar kalmar nan "an". An kama, an ɗaure, an kora, an hana mata zaɓe. Harshenmu ya ba mu ita don kunya da sakaya, kuma tana da amfaninta a zaman duniya, amma a littafin tarihi takan zama bargon da ake lulluɓe mai aiki. In aka zo kan alheri sai ka ga an ambaci suna da sarauta: Sardauna ya gina, Sardauna ya kafa. In aka zo kan abin kunya sai suna ya ɓace, "an" ta maye gurbinsa. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, alhali matan Kudu suna jefawa, kuma ba daga sama hanin ya faɗo ba, matsayin jam'iyyar NPC ne, wanda irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri suna yaƙa. Ina ba malamai shawara su gwada wannan da ɗalibansu: a ɗauki babi ɗaya na kowane littafin tarihin wani shugaba, a ja layi a ƙarƙashin kowace "an", a tambaya wa ya yi. Abin da za a gano zai ba da mamaki.

Littafin Feinstein: Aboki Ya Rubuta Abokinsa

Kada ɗan gidan NEPU ya yi murna da abin da ya gabata, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alan Feinstein likitan haƙori ne a birnin Niyok, ba masanin tarihi ba, abota ce ta haɗa shi da Malam Aminu, kuma littafinsa, African Revolutionary, ya fito a 1973, lokacin Malam yana raye yana kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon. An sake fitar da shi da ƙari a 1987, bayan rasuwar Malam a watan Afrilun 1983. Littafi ne mai daɗin karatu, ya fi na Paden sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yana da wata falala guda da nake yaba masa: bai ɓoye cewa yana ƙaunar mutumin da yake rubutawa ba. Mai karatu ya san da wa yake tafiya tun daga farko, don haka ya san inda zai sa gishiri. Ɓangarancin da aka bayyana ya fi wanda aka sa wa rigar ilimi sauƙin magani.

Amma ɓangaranci ne duk da haka. Kashin bayan labarin daga bakin Malam da na makusantansa ya fito, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sarakuna da ma'aikatan En'e a mafi yawan wurare sun fito ne a matsayin duhun da hasken jarumi ke ketawa. Ƙanen mahaifina, wanda ya yi aikin haraji shekara da shekaru ya mutu bai mallaki gidan kansa ba, ba shi da gurbi a irin wannan hoto. Marubucin kuma ya ɗauko ma'aunin siyasar ƙasarsa, na masu neman sauyi da 'yan mazan jiya, ya auna al'ummar da ba a kan wannan layi kaɗai ta rabu ba. A garuruwa da yawa shiga NEPU ta bi tsohuwar gaba ce tsakanin gidajen sarauta biyu, ko tsakanin 'yan kasuwa da fada, ko tsakanin unguwa da unguwa, ba karatun manufofin jam'iyya ba.

Akwai kuma tambayoyi masu nauyi da duk mai rubuta tarihin Malam ya kamata ya tsaya a kansu da irin tsananin da muke nema a yi wa Sardauna. Bayan zaɓen 1959, wanda NEPU ta sami kujeru 8 a majalisar tarayya, abokiyar ƙawancenta NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, Malam ya zama mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Ikko, alhali a gida ana ci gaba da ɗaure mabiyansa. Ta yiwu dabara ce mai hujja, amma ba abin da za a wuce da gudu ba ne. Haka kuma in NPC ta yi amfani da 'Yan Mahaukata a Kano, samarin NEPU ma ba da carbi suke zuwa wurin lacca ba, kuma zambon da mawaƙan ɓangarorin biyu suka yi wa juna ya taɓa iyaye da kakanni. Sai kuma rabuwar PRP a 1980, inda Malam ya raba gari da gwamnoninsa biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna. Har yau in ka ji mutum yana ba da wannan labari, daga yadda ya furta "santsi" da "taɓo" za ka gane gidan da ya fito. Wannan zamani da idona na gan shi, kuma ban karanta bayaninsa a wurin kowa ba da na ce ya yi wa ɓangarorin biyu adalci.

Rubuta tarihin mai rai, balle mai riƙe da muƙami, yana da nasa haɗari dabam. Paden kansa ya ɗanɗana haka a 2016, da ya fitar da littafi a kan Muhammadu Buhari yana kan kujerar shugaban ƙasa. Ba a daɗe da ƙaddamarwa ba gardama ta tashi a jaridu kan yadda ya ba da labarin ɗaukar Yemi Osinbajo mataimaki, magoya bayan Bola Tinubu suka ce ba haka aka yi ba.

Abin da Muka Gada

Wasu kan ce wannan neman a ji ta bakin abokin hamayya ɗabi'ar Turawa ce, mu tarihinmu na girmama manya ne. Wannan magana ba ta san tarihinmu ba. Gaskiya ne muna da al'adar rubuta darajoji da karamomin bayin Allah, kamar yadda Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya yi a Raudul Jinani, muna kuma da kirari da waƙar fada, kowannensu da muhallinsa, ba kuma wanda ke zuwa wurin maroƙi neman shaida. Amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kakan mahaifin Sardauna, da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya shigar da wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno, waɗanda a cikinsu yake tuhumar masu jihadi da yaƙar 'yan'uwansu Musulmi ba da hujja ba. Bello ya kawo maganar abokin hamayyarsa, sannan ya ba da amsa. Ba ya tsakiya, ɓangarensa a fili yake, amma ya bar wa na baya abin da za su auna da kansu, har ga shi yau bayan shekara fiye da 200 akwai masu karanta littafin su ga hujjar Elkanemi tana da ƙarfi. Abdullahi ɗan Fodiyo kuma a Tazyinul Waraƙati bai ɓoye ɓacin ransa ba game da yadda wasu daga cikin jama'arsu suka karkata ga neman duniya da mulki. Malaman hadisi ma da suka ce a ambaci mamaci da alheri, su ne suka cika littattafai da bayanin wane mai ruwaya ne amintacce, wane ne mai mantuwa, wane ne maƙaryaci, don sun san abin da za a gina hukunci a kansa ba a yi masa kara.

Shi ya sa shawarar shugaban kwamitinmu ta raba shafi daidai ba ta gamsar da ni ba, ko da yake da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Rayuwar mutum ba gadon gona ba ce da za a sa igiya a raba. Wani alherinsa ya rinjayi sharrinsa nesa, wani akasin haka, kuma wanda ya daidaita su da ƙarfi ya yi ƙarya sau biyu. A wannan fuska gidan Sardauna da ke Kaduna, wanda ya zama Gidan Arewa tun 1970, da gidan Malam na Mambayya da ke Gwammaja a Kano, wanda Jami'ar Bayero ke kula da shi, suna da aikin da ya fi taron tunawa na shekara shekara: kowannensu ya buɗe ma'ajiyarsa ga mai binciken da ba ɗan gida ba ne.

Yadda Zaman Ya Ƙare

A zama na gaba na kawo tawa shawara. Na ce a bar labarin kamun, a ambaci wanda ya tura 'yan doka, amma a faɗi daga bakin wa aka ji, domin marubucin yana da kaset na hirar da ya yi da tsoho na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda aka yi wa bulalar. Na ce a kawo bayanin iyali a gefensa, cewa dokar neman izinin lacca tana nan a lokacin, kuma mahaifinsu umarni ya bi daga sama. Kalmar "azzalumi" kuwa na ce a bar ta a waje, mai karatu ba yaro ba ne. Abokin aikinmu ɗan gidan Sawaba ya ce na sayar da mahaifina. Wakilin iyali ya ce in dai sunan zai fito a wannan shafi, to a nemi wani ya biya maɗaba'a.

Mun yi zama uku a kan sakin layi ɗaya. A ƙarshe abin da aka buga shi ne cewa a lokacin zaɓen an kama wasu 'yan adawa an hukunta su, kamar yadda aka saba a wancan zamani. Marubucin ya yi shiru, domin littafinsa na farko ne kuma yana son ya ga fitowarsa. Ni ma na sa hannu, sunana yana nan a shafin godiya. An yi ƙaddamarwa, an tara kuɗi, an raba littafin a makarantun sakandaren yankin.

Daga baya marubucin ya kawo mini kaset ɗin ya ce in ajiye, shi ba ya son ganinsa. Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba. Na sa wani jikana ya juye muryar a kwamfuta don kada zaren ya lalace, na kuma saurare ta ba sau ɗaya ba. Tsohon ya ambaci sunan dattijon sau uku a cikin hirar, sau biyu a kan ranar kasuwar, sau ɗaya a kan ranar da ya zo masa ta'aziyyar matarsa, shekaru da yawa bayan an daina NPC da NEPU, ya zauna a kan tabarma ɗaya da shi har aka yi la'asar.